Iyayenmu na Amurka, ku daina ƙin cike wa yara fom ɗin FAFSA

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana Hausawa mazauna Amurka, musamman mu na Bronx a New York, kan wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya.

Duk yaron da ke neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya a nan sai ya cike fom ɗin FAFSA, kuma a dokarsu in dai bai kai shekara 24 ba, ba shi da aure, ba shi da ɗan da yake ciyarwa, bai yi soja ba, ba kuma digiri na biyu yake yi ba, to har yanzu yana ƙarƙashin iyayensa, ko da kuwa shi ke biyan hayarsa da kuɗin da yake samu a shago. Dole sai uwa ko uba sun sa bayanin kuɗin shigarsu sun kuma yarda a ɗauko bayanin harajinsu daga IRS, wato hukumar harajin Amurka.

To a nan ne ake samun matsala. Na zauna da wani bawan Allah direban tasi, 'yarsa ta miƙo masa waya tana roƙo Baba don Allah ka danna nan kawai, ya ture wayar ya ce shi ba zai sa hannu a bashi ba. Wallahi abin ya dame ni, domin sa bayaninka ba ya nufin an ɗora maka biyan ko sisi. In ka ƙi, abin da yarinyar za ta iya samu bai wuce bashi mai ruwa ba, tallafin Pell kuwa da ba a biya, wanda yake kaiwa dala 7,395 a shekara, ya wuce ta. Wato bashin da kake gudu shi ka jefa ta ciki.

Sai kuma maganar riƙo, wadda ta fi shafarmu. Mu a wajenmu kawu ko goggo da ta raini yaro uwa ce, ba ma bambancewa, amma fom ɗin bai san wannan ba sai in an je kotu an mayar da yaron ɗanka a hukumance. In iyayen suna Kumasi ko Yamai ko Kano to bayaninsu ake so, a juya abin da suke samu zuwa dala a rubuta, kuma ko ba su da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa, suna iya buɗe asusun cike fom ɗin a intanet. Yaron da iyayensa duka suka rasu ko suka yi watsi da shi kuwa, ya je ofishin tallafi na makarantarsa da takardun shaida, suna da ikon cire shi daga ƙarƙashin iyaye.

Ina roƙon limamanmu su riƙa faɗin wannan bayan sallar Juma'a, matasanmu da suka gama jami'a kuma su ware ko Asabar ɗaya su zauna da iyaye a masallaci a cike tare da su.

Naku,
Wani mai karatu daga Bronx, New York