Fiyanon da na ji a wajen biki a Gusau

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam min fili. Ni mai gyaran rediyo da sifika ne a Tudun Wada nan Gusau, kuma ni ake ɗauka haɗa wayoyi a gidajen biki, to gaskiya kunnena ya gaji da kiɗan fiyanon nan da yaro zai danna maɓalli ɗaya ganga ta kama bugun kanta shi kuma ya koma yana latsa waya, biki goma kiɗa ɗaya.

Makon jiya wajen wani kamu sai ga wani yaro da ɗan akwati, ba allo ba komai sai abin murɗawa birjik kamar fuskar tsohuwar rediyo, ya jona shi da fiyanonsa. Ya ce min sintesaiza ce ta analog, kwaikwayon Minimoog ɗin da kamfanin Robert Moog ya fitar a Amurka a 1970. Ni da nake wannan sana'a abin da ya kama ni shi ne ba wani sauti da aka ɗauka aka adana a ciki kamar fiyanon Yamaha ɗinmu, wutar lantarki ce da kanta take kaɗawa ta hanyoyi uku, ta bi ta wani mataci, in ya buɗe shi murya ta yi kaifi kamar algaita, in ya rufe ta yi kauri har kana jin ta a ƙirji, wallahi sai da na rage bas don kar ya fasa min sifika.

Murya ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, ko ka danna uku ɗaya zai amsa, kamar dai goge. Kuma sulɓi yake daga wannan murya zuwa waccan, ba tsalle ba. A nan ne fa na tsaya da aikina na saurara, don maganarmu ta Hausa hawa da sauka ce, shi ya sa mai kalangu yake matse tsarkiya a hammata har kalangun ya kira sunan mutum, fiyanon da muka saba kuwa taka tsani yake, ba ya iya wannan lanƙwasa sai da ƙyar. Yaron nan da mawaƙi ya ja baiti sai ya bi shi da hannun hagu a kan wani ɗan gare-gare, yana karkarwa da muryar, wata tsohuwa ma ta leƙo tana tambaya wai ina mai gogen yake.

Amma fa akwatin yana da rigima. Sai an kunna shi ya ɗan yi ɗumi kafin ya daidaita, da zafin rumfa ya yi yawa kuma sai murya ta zame, sau biyu mawaƙin yana hararar sa yana gyarawa. Ba ya riƙe saiti, yaron hoton maɓallan yake ɗauka da waya don kar ya manta. Ni dai ban ga laifi ba, ai mai goge ma yana shafa ƙaro yana ɗaure tsirkiya a tsakiyar wasa.

Akwai ma kakan irin waɗannan akwatuna da wani mai suna Leon Theremin ya ƙera a Rasha wajen 1920, shi ko taɓa shi ba a yi, hannu kawai ake kaɗawa kusa da ƙarafa biyu, dama na murya hagu na ƙara, a kawo wannan Gusau ai sai a ce aljanu ne. Kuma kar a ce abin na Turawa ne kawai, maƙwabcinmu Mamman Sani na Yamai tun 1978 ya fitar da kaset na kiɗan ogan ɗin lantarki.

Roƙona ga yaranmu masu situdiyo a Gusau da Ƙauran Namoda, ku nemi irinsa ku zauna da masu kalangu da kotso ku ji yadda suke lanƙwasa murya. Akwatin yanzu haka yana shagona, maɓalli ɗaya ke rawa yaron ya kawo in ɗaure masa, aikin minti biyar ne amma na ce ya dawo jibi.

Naku,
Mai gyaran rediyo, Tudun Wada, Gusau