Wasiƙa zuwa ga ɗana, likitan 'yan wasa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko wannan sabon aiki zai bar ka ka zo mana Sallah.

Bayan haka, tunda kulob ya ba ka takardar kama aiki a matsayin likitan 'yan wasa, akwai ranar da nake so ka shirya mata tun ba ta zo ba. Wata rana an tashi daga atisaye, kowa ya watse, wani yaro zai tsaya a bakin ƙofarka yana jujjuya takalmin ƙwallo a hannu, ya ce, "Likita, akwai 'yar magana, amma tsakanina da kai." Kada ka yi saurin ce masa, "Faɗi, ba mai ji." Ka ce ya shigo, ka sallami mai gashin ƙashi, ka rufe ƙofa. Kafin ya buɗe baki ka gaya masa cewa duk abin da ya shafi lafiyarsa za ka rubuta a fayil, ka lissafa masa waɗanda ke iya buɗe fayil ɗin, ka kuma faɗa masa inda doka ko ƙa'idar wasa za ta iya tilasta maka yin magana. In ya ji ya ga ba zai iya ba, ka haɗa shi da likita na waje wanda ba ya karɓar albashin kulob. Magana zarar bunu ce. Da zarar ya ce yana allurar ƙara ƙarfi, ba yadda za ka yi ka koma wanda bai ji ba.

Abin da ya sa wurin ke da santsi shi ne kana ƙarƙashin doka biyu. A matsayinka na likita a Najeriya, sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin majiyyaci sirri ne. Ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko in ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a, sai kuma yaro ƙarami da wanda ba ya cikin hayyacinsa, waɗanda iyaye ko waliyyi ke tsaya musu. Ka duba da kyau, babu koci a cikin wannan lissafi, babu shugaban kulob. Za su ce maka kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To, askin da ke kanka shi ne kula da lafiyar 'yan wasansu, sirrin yaron ba ya cikin abin da suka biya.

A ɗaya ɓangaren kuma, ranar da ka sa rigar kulob ka shiga cikin waɗanda dokar WADA, wato hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi a wasanni, ke kira masu taimaka wa ɗan wasa, kuma tana hukunta su kamar yadda take hukunta shi. Ta wajabta maka ba da haɗin kai idan ana bincike. Wasu hukumomin, irin ta guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, har sun ɗora wa mutanensu nauyin kai rahoto. A Faransa doka ce ta ce likitan da ya ga alamun shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi ya sanar da likitan wata cibiya ta musamman, maganar kuma ta tsaya tsakanin likita da likita. Saboda haka ka ɗauko kwantiraginka da ƙa'idojin hukumar wasan da kake ciki, ka karanta su a wannan makon, ka ja layi a duk inda aka yi maganar kai rahoto ko miƙa fayil. Abin da ka gani a can shi za ka riƙa gaya wa yaran a bakin ƙofa.

Yanzu a ce ya amince ya faɗa. Kusan tabbas abin da zai biyo baya shi ne, "Amma don Allah kada ka rubuta." Ka san dalilin tsoronsa, kuma yana da hujja. A dokar WADA ba sai fitsari ya nuna ba ake kama mutum, ikirarinsa ma hujja ne. Ana iya tuhumarsa har bayan shekara 10, hukuncin ƙwayoyi irin su testosterone da EPO (allurar ƙara yawan jini) kuwa yakan kai dakatarwar shekara 4. Ga yaro mai shekara 24 wanda gidansu duka ke jiran albashinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka ka rubuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, fayil kuwa don ranar wankan aka aje shi. Ranar da za a kawo shi asibiti da dare ƙirji na ciwo, ko ya karye a fili za a shiga da shi tiyata, likitan da ya karɓe shi ba shi da abin dogaro sai abin da ka rubuta. Testosterone da EPO suna kauranta jini, jini mai kauri kuwa yana daskarewa a ƙafa ko huhu ko ƙwaƙwalwa. Waɗanda ake haɗiya, irin su stanozolol, suna taɓa hanta, suna kuma ƙara wa warfarin, maganin tsinka jini, ƙarfi har mutum ya yi ta zubar jini. Tramadol, wanda WADA ta haramta a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, yana jawo jijjiga, kuma haɗa shi da wasu magungunan ciwon damuwa haɗari ne. Wanda ya daɗe yana shan dexamethasone, in aka yanke masa dare ɗaya ko aka yi masa tiyata ba a sani ba, jininsa na iya sauka warwas. Ban da wannan, sashe na 29 na dokar 2014 ya sa sauya bayani a fayil, ko goge shi, ko ƙin rubuta abin da ya wajaba a rubuta, laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. Ka ga ashe roƙon da yake maka roƙo ne na ka karya doka.

Yadda za ka rubuta shi ne wurin da ake gane gwani. Sa rana da lokaci. Rubuta sunan abin kamar yadda ya faɗa, sannan abin da ke jikin kwalba ko kwalin in ya nuna maka, domin sau da yawa biyun ba sa haɗuwa, kayan bayan fage kuma ba lallai abin da aka rubuta a jiki ne ke ciki ba. Rubuta adadi, sha ne ko allura, sau nawa a mako, yaushe ya fara, yaushe ne na ƙarshe, ko yana haɗa sirinji da wani. Sai alamun da yake ji, abin da ka gani da ka duba shi, da shawarar da ka ba shi ta ya daina. Wannan layin na ƙarshe kada ka manta da shi, shi zai tsaya maka in wata rana aka ce kai ka ɗaure masa gindi. Sunan wanda ya sayar masa, da na abokan da ya ce su ma suna yi, ba sa shiga fayil ɗin lafiya. Ba su ƙara komai a magani, kuma labari ne na ji-ta-ji-ta a kan mutanen da ba su zo gabanka ba. Kada ka rubuta "mai maguɗi" ko wata kalmar hukunci. Kada kuma ka yi dabarar laƙabi. Likitan nan na Sifaniya, Eufemiano Fuentes, da 'yan sanda suka shiga wurinsa a 2006, sun tarar da jakunkunan jini kusan 200 da sunayen boge, wasu har da sunan karnukan 'yan wasan. Laƙabin bai hana a gano wasunsu ba, sai ma ya zama shaidar cewa an san abin da ake yi.

Gwaje-gwajen ka san su, amma bari in tuna maka inda ake tuntuɓe. Auna hawan jini, ka nemi cikakken gwajin jini. In kaurin jini ya haura kashi 54 cikin 100, maganar ta wuce a bari sai gobe. Duba kitsen jini, domin mai amfanin, wato HDL, yana faɗuwa sosai. A gwajin hanta, ALT da AST suna hawa daga atisaye mai tsanani kawai, don haka ka haɗa da GGT da CK kafin ka tsorata yaro. A gwajin ƙoda, creatinine ma yana yaudara a jikin mai tsoka, in akwai hali a yi cystatin C. Sai testosterone da LH da FSH, da ECG, da gwajin HIV da ciwon hanta na B da C ga mai allura. Ka gaya masa tun wuri cewa bayan dainawa zai iya yin watanni cikin kasala, raguwar sha'awa da ƙuncin zuciya, maniyyinsa ma ya ragu. Wanda ba a gaya wa ba, shi ne ke komawa allura a mako na uku. A takardar da za ka aika ɗakin gwaji, da ta inshora, ka rubuta abin da aikin ke buƙata kawai. Waɗannan takardu suna bi ta hannun akawu da masinja.

Zai iya zaro kwalbar daga baƙar leda ya ce ka riƙe masa. Kada ta kwana a durowarka. Mallakar haramtaccen abu ba tare da dalili karɓaɓɓe ba laifi ne a kan likitan kulob. Zai tambaye ka kwana nawa abin ke ɗauka kafin ya fita daga fitsari. Wannan ba tambayar lafiya ba ce, amsa ta kuwa haɗa baki ne. Zai nemi clomiphene ko tamoxifen ko hCG don jikinsa ya farfaɗo, su ma duk haramtattu ne gare shi, kuma takardar izinin shan magani da ake kira TUE ba a ba da ita don gyara ɓarnar da haramtaccen abu ya yi. Tura shi wurin ƙwararren likitan sinadaran jiki. Ka kiyayi ƙarin ruwa ma, abin da mutanenmu suka ɗauka kamar shan shayi: fiye da mililita 100 cikin awa 12 haramun ne ga ɗan wasa, sai a jinyar asibiti, ko tiyata, ko binciken cuta.

Sai ajiya. Fayil ɗin takarda yana zama a kabad mai makulli a ɗakinka, mabuɗi a aljihunka, ba a ofishin sakataren kulob ba, ba kuma a kan gadon tausa ba inda mai ɗaukar riguna zai buɗe yana jiran ka dawo daga salla. Na kwamfuta kuwa, kowa da lambar sirrinsa, da tabbatarwa ta biyu a waya, da kwafi a wuri amintacce. A watan Satumban 2016 masu kutse da ke kiran kansu Fancy Bears sun shiga rumbun WADA mai suna ADAMS ta hanyar saƙon imel na yaudara, suka baza bayanan magungunan fitattun 'yan wasa Simone Biles da Serena Williams da ɗan tseren keke Bradley Wiggins, mutanen da suke da izinin shan magungunan a hannu. Richard Freeman, likitan 'yan tseren keken Birtaniya, ya ce an sace kwamfutarsa a Girka a 2014 da bayanan 'yan wasa a ciki, ba kwafi. Rashin rubutun ya hana masu bincike gano abin da aka ba Wiggins a wani ƙunshi a 2011, zargin ya ci gaba da bin ɗan wasan, shi kuma likitan aka soke lasisinsa a 2021 kan odar testosterone. In bayanai suka fita daga hannunka, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai. Maganar WhatsApp kuwa, ka yanke ta tun farko. In ya turo maka hoton kwalba, ka ce ya zo ku gana. A shari'ar da ta shafi 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare, saƙonnin wayarta ne jami'an Amurka suka karanta, kuma cikin dakatarwar shekara 10 da aka fara yanke mata a 2022, biyar na ƙin ba masu bincike haɗin kai ne.

Koci zai zo, ba makawa. Amsarka ba ta wuce uku: zai iya bugawa, ba zai iya ba, ko a dawo a sake dubawa ranar kaza. In jininsa ya yi kauri ko hawan jini ya yi sama, kana da cikakken dalilin lafiya na cire shi daga wasa ba tare da ka faɗi musabbabi ba. In babu irin wannan dalili, kada ka ƙirƙiro masa ciwon cinya, ƙarya a fayil ita ma laifi ce. Ka gaya wa yaron kai tsaye cewa ba za ka sa hannu ya shiga gasa da abin a jikinsa ba. In wani kulob zai saye shi ya nemi fayil, sai da izininsa a rubuce, mai ɗauke da sunan likitan da za a ba da iyakar abin da za a bayar. In wasiƙar masu bincike ta zo, kada ka miƙa komai a ranar, kada kuma ka taɓa ko harafi ɗaya a fayil. Ka sanar da yaron, ka nemi lauya, ka bukaci su nuna a rubuce dokar da suka dogara da ita.

Ka sanar da shi cewa wanda ya kai kansa kafin a sami wata hujja a kansa ana iya rage masa har rabin hukunci, amma ya ga lauya tukuna, kuma shawarar tasa ce. Ka kuma fahimtar da shi cewa fom ɗin da ake cikewa wurin ba da fitsari, inda ake rubuta magungunan da ya sha cikin kwana 7, hannun hukuma yake zuwa, ba fayil ɗinka ba.

Wuri ɗaya ne shiru ba ya halatta. In yaro ne da bai kai 18 ba, kuma wani babba a kulob ne ke yi masa allurar, wannan cutar da yaro ce. Ka gaya masa za ka kira iyayensa, ka kira su, ka kai maganar inda ya dace. Dokar WADA kanta tana iya dakatar da irin wannan babba har ƙarshen rayuwarsa.

Jerin haramtattun magunguna yana sauyawa duk 1 ga Janairu, ana fitar da sabo tun wajen Oktoba. Ka buga shi ka manna a cikin murfin kabad ɗin magani. In ka karanta kwantiragin, ka turo mini shafin da ya yi maganar fayil mu duba tare kafin ka fara duba yaran.

Ka gai da mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ikon riƙe amana.

Mahaifinka