Barka da Sallah daga Santambul

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Umma, barkanku da Sallah. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana, ya sa baɗi da ni za a yi a tsakar gidan nan. Ina nan lafiya ƙalau, aiki sai godiya. Na san yau ba mai jin ƙarar waya a gidanmu, shi ya sa na rubuta, Auta ya karanta muku idan hannunsa ya rabu da maiƙo.

Nan Santambul ta ƙasar Turkiyya mun riga ku da awa biyu. Kafin bakwai mun sallame Idi, lokacin kuna haramar asuba. Nan ba fili ake fita ba kamar Ƙofar Mata, a masallatai ake yi, in ciki ya cika a shimfiɗa a haraba. Na taka daga unguwarmu Laleli zuwa Sulaimaniyya, masallacin da Sarki Sulaiman ya sa magini Sinan ya gina, aka gama a 1557. A kan tudu yake, daga bayansa ana hango ruwa da jiragen fito. Baba, da kun ji kabbararsu! Tare suke rera ta, a hankali, da ja, har ƙubba ta ɗauka ta dawo musu da ita. Hanafawa ne, kabbara uku-uku suke ƙarawa, na raka'a ta biyu kuma sai bayan karatu. Ni kaɗai ne da babbar riga a sahunmu, shaddar nan da Yaya ya aiko. Wani dattijo ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba, yana shafa aikin wuyan yana yi mini addu'a da yarensu.

Da na fito sai na tarar gari tsit. Yawancinsu garuruwan iyayensu suke tafiya Sallah, shagunan Laleli da kullum ba masaka tsinke duk a garƙame. Ban ji kukan rago ko ɗaya ba. An hana yanka a bakin titi, hukuma ta ware wurare, mahauta su yanka su feɗe, mutum ya karɓo namansa a leda. Da yawa su bakwai ke haɗuwa a kan sa guda. Wasu kuɗi suke ba ƙungiyoyi a yanka musu a ƙasashenmu. Mai gidan da nake haya ya ce tasa layyar a Nijar aka yi. Ba jini, ba ƙuda, na yaba musu. Amma Umma, Sallar nan ba ta da ƙamshi.

Wajen azahar ɗinmu na zauna bakin taga ina lissafi: yanzu an gama fiɗa, an ciro hanta. Na ga Baba zaune kan tabarma bai karya ba tun safe, yana jiran hantar ragonsa. Na gan ku gaban garwashi kuna juya ta, kuna barbaɗa yajin ƙuli, ku miƙa masa ta farko, mu kuma mu jeru da tafin hannu a buɗe, tana ƙona mu ba mai yarda ya yar. Goggo na gefe tana kitsa hanji. Ragon kuma a rataye ya sha iska sai gobe. Goben nan ce ta fi tsaya mini a rai: babban kasko kan murhu, hayaƙin itace ya shiga ido, ya shiga labule, ya kama sabon ɗinki har sati yana fita daga jikinsa. Ku tsame da matsami, naman ya yi ƙarau, a zuba a kwalla a tura ƙarƙashin gado, kowa ya san inda yake kowa ya yi kamar bai sani ba. Nama kam akwai shi a garin nan, kowane lungu ana yankar döner, gasasshen namansu da ke juyawa a jikin ƙarfe gaban wuta. Wancan hayaƙin ne kuɗi ba sa saya.

Ina cikin haka aka ƙwanƙwasa. Tsohuwar da ke ƙasan benenmu ce ta aiko jikanta ya kira ni. Teyze muke ce mata, wato inna. Ina shiga ta tsiyaya mini kolonya a hannu, wani turaren ruwa mai ƙamshin lemon tsami da suke tarbar baƙo da shi, ta miƙo alewa. Na sumbaci hannunta na ɗora a goshi, haka yaransu ke gaida manya ranar Sallah. Ta zubo kavurma, girkin farko da suke yi da naman layya: a yanka ƙanana, ya dahu cikin ruwansa da kitsensa, gishiri kawai da ɗan ganye. Laushi kamar me. Na ciro ƙullin yajinku daga aljihu na barbaɗa, ta ɗanɗana, ta yi tari har da hawaye, sannan ta ce in bar mata sauran. Na bar mata. Na ci na ƙoshi da baklawa, wani kayan zaƙi nasu, da shayi a 'yan kofunan nan masu siririn ƙugu, na yi mata godiya irin wadda zan yi muku.

Da la'asar na hau tiram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, daga unguwar Eminonu, ya bi gefen ruwa har Ayyub Sultan. Baba, nan ne kabarin Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya ƙara masa yarda, wanda raƙumar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa a ƙofar gidansa a Madina. Da tsufansa ya biyo runduna har bakin ganuwar birnin nan, a nan ajali ya same shi. Bayan an ci garin a 1453 aka gina masa masallaci. Na tsaya na yi sallama, na tuna shi ma nesa da gida ya kwanta, sai zuciyata ta yi sanyi. Na yi muku addu'a ɗaya bayan ɗaya, da Kaka, Allah ya jiƙanta.

Yaya, in ka zo sarin kaya kada ka sake ka ƙare kwanakinka tsakanin otal da shago. Daura da Sulaimaniyya akwai masu sayar da farin wake da miyar tumatir a kan shinkafa, ɗan'uwan garau-garau ne, yaji kawai ya rasa. Daga nan mu gangara Eminonu mu ci gasasshen kifi cikin burodi, mu hau jirgin fito zuwa Uskudar, kafin shayinka ya huce ka bar Turai ka shiga Asiya. A Aksaray da Kumkapi kuma akwai 'yan Afirka masu dafa abinci, za ka sami dafa-duka. Tuwo da miyar kuka dai sai a ɗakina, don haka ka taho da kuka da daddawa da yaji mai yawa, yanzu mu biyu ne masu ci.

A gaida Baffa da Kawu da iyalansu. A gaida Yaya da amaryarmu, da maƙwabta gaba da baya. Malam na makarantar allo a kai masa cinya in an raba, a ce yana cikin zuciyata. Goggo kuwa gaisuwarta daban ce: a ce mata rigar sanyin da ta cusa mini a jaka ina cewa ba na so, ita ta fitar da ni hunturun bana, kuma na saya mata kallabi mai fure irin na tsofaffin nan, kuma ta daina ɗaga kasko ita kaɗai da wannan bayan nata. 'Yan biyu, goron Sallarku na wajen Yaya, kada ya ce bai gani ba. Mai shayin bakin layi ma ina gaishe shi.

Umma, gobe in an fara suya, tsokar farko da ta fito daga kasko a ba Auta a madadina, ya ci a gabanku.

Wassalam,
ɗanku na Santambul.