Wasiƙa Kan Janar Ɗin Da Ya Mayar Da Takobi Kube

Assalamu alaikum, ya aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, wasiƙarka ta iso, kuma maganar da ka yi cewa soja ba ya sakin mulki sai mutuwa ko bakin bindiga ta hana ni sukuni. Ba na musun abin da idanunmu suka gani, amma ina so in ba ka labarin George Washington, shugaban Amurka na farko, wanda aka haifa a Virginia a 1732.

A 1775 majalisar yankuna 13 da suka yi wa Birtaniya tawaye ta naɗa shi babban kwamanda, kuma ba kullum yake cin nasara ba, domin a 1776 Turawan Ingila sun kore shi daga New York da mummunar asara. A daren 25 ga Disamba na wannan shekara ya ƙetare kogin Delaware cikin ƙanƙara, ya afka wa sojojin haya na Jamus a Trenton, ya kama kusan 900. Daga baya, da taimakon Faransa, ya tilasta wa janar ɗin Birtaniya Cornwallis miƙa wuya a Yorktown a 1781.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a sansanin sojojinsa da ke Newburgh a watan Maris na 1783. Hafsoshinsa sun daɗe ba a biya su albashi ba, ransu ya ɓaci, har an fara raɗe-raɗin su juya wa majalisa baya, kuma da ya so, da ya hau kan fushinsu ya karɓe ƙasar. Sai ya shiga taronsu ya yi musu nasiha, kuma da zai karanta wata takarda ya ciro tabarau, ya roƙe su gafara cewa ya yi furfura, ganinsa ma ya raunana a hidimar ƙasa. Jikinsu ya yi sanyi, maganar tawaye ta mutu. A ranar 23 ga Disamba na wannan shekara ya je Annapolis, inda majalisa take zama, ya mayar wa majalisa takardar naɗinsa, ya koma gonarsa ta Mount Vernon. Haka kuma bayan an rantsar da shi shugaba a 1789, ya yi zango biyu ya sauka a 1797, alhali tsarin mulki bai hana shi neman na uku ba.

Sai dai ba zan ɓoye maka abin da ke ci mini rai ba. Mutumin da ya yi yaƙin neman 'yanci yana da bayi baƙar fata, kuma lokacin da ya rasu a 1799 akwai bayi 317 a gonarsa. Da wata baiwar matarsa mai suna Ona Judge ta gudu a 1796, ya sa an bi sawunta, ko da yake ba su samu dawo da ita ba. A wasiyyarsa ya ce a 'yanta nasa na kansa 123 daga cikinsu bayan rasuwar matarsa, wato bai sake su ba sai da ya daina bukatarsu, kuma wannan ban iya yafe masa ba.

Ina jiran amsarka. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka