Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Magajin Gari: Kamfani Yana Da Ƙafa, Gini Ba Shi Da Ita

Mai Girma Magajin Gari,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Labari ya karaɗe gari cewa kamfanin da ya fi kowane yawan ma'aikata a birnin nan ya shaida wa ofishinka wurin da yake zaune ya yi masa kaɗan, kuma wasu birane sun fara zawarcinsa da fili kyauta da rangwamen haraji. Mun kuma ji shawarar da ke gabanka, wato a gyara tsohon benen nan na tsakiyar gari da ya shekara da shekaru a garƙame, kamfanin ya tare a ciki ya mai da shi hedikwatarsa. Ina goyon bayan shawarar. Na faɗi haka tun da fari don kada wani ya kai maka cewa na zo kawo cikas ne. Sai dai goyon bayan nawa yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Duba lafiyar tsofaffin gine-gine ita ce sana'ar da na tsufa a cikinta, saboda haka ba na iya wuce wannan bene ban ɗaga kai ba. Kwanan baya na tsaya a tsallaken titi na ƙare masa kallo. Indararon kusurwar gabas ya karye, ruwa yana bin bango yana sauka, ya bar wani baƙin zane tun daga hawa na ƙarshe har kan ƙofa. Wata 'yar bishiya ta tsiro a bakin rufi, kuma duk inda ka ga bishiya a can sama to saiwarta tana cikin haɗin bulo tana buɗa shi. Tantabaru na shiga suna fita ta tagogin da gilashinsu ya zube. Duk da haka, da na sa ido a kan ginshiƙan dutsen da ke ƙasa, ban ga ko ɗaya da ya karkace ba. Ƙashin ginin lafiya lau yake, abin da ke cinsa ruwa ne.

Ruwa shi ne ajalin ginin da babu kowa a ciki. Yana shiga ta rufi ya sami ƙarfen da ke cikin kankare, ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki, tsagar ta ba wani ruwan hanya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan ruwan ne ke tsaga bangon kuma shi ne ƙadangaren. Kowace damina da ta wuce a kan wannan rufi tana ƙara wa kuɗin gyara nauyi, ko an kammala ciniki da kamfanin ko ba a kammala ba.

Dalilin da ya sa na ce a yi ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikaci a tsakiyar gari ya bambanta da ma'aikaci a bayan gari. Wanda ke tsakiya yana fitowa da rana ya taka da ƙafa, ya yi sayayya, ya shiga motar haya, ƙafarsa tana raya titin. Wanda aka kai bayan gari daga motarsa sai ofis, daga ofis sai gida. Kuma titi da bututun ruwa da layin wuta duk suna nan a tsakiyar gari, iyayenmu sun riga sun biya kuɗinsu. Sabon fili a bayan gari kuwa sai an ja masa komai daga farko, da kuɗin jama'a.

An yi irin wannan a wasu wurare kuma an ga amfaninsa. Tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central da ke Ditroit a Amurka an buɗe ta a 1913, jirgi na ƙarshe ya tashi daga cikinta a Janairun 1988. Shekara 30 tana kango, har ta zama hoton da ake nunawa duk lokacin da ake son a ce birnin ya mutu. Kamfanin Ford ya saye ta a 2018, ya zuƙe ruwa galan miliyan 3.5 daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ya sa aka sake buɗe tsohuwar mahaƙar dutse a jihar Indiyana inda aka samo duwatsun asali, don sabon dutse ya dace da tsohon. A Yunin 2024 aka buɗe ta. A Landan ma tashar wutar Battersea da ta daina aiki a 1983 ta sake buɗewa a 2022, kuma kamfanin Apple ya mai da ita mazaunin ofishinsa na Birtaniya. Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda.

To amma, ranka ya daɗe, masu kawo maka waɗannan misalai ba sa kawo maka ɗaya ɓangaren. Bari ni in kawo.

Birnin New London a jihar Konetikat ta Amurka ya yi wa kamfanin magunguna na Pfizer duk abin da ake yi wa babban baƙo. An yafe masa kaso mafi yawa na harajin gini har na shekara 10. An kuma karɓe gidajen mutane a unguwar da ke maƙwabtaka da shi don a gina abubuwan da za su dace da zuwansa. Masu gidajen suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2005 alƙalai 5 cikin 9 suka ba birnin gaskiya, aka rushe gidajen. A 2009 kamfanin ya sanar cewa zai kwashe ma'aikatansa kusan 1,400 ya bar garin, daidai lokacin da wa'adin rangwamen ke dab da cika. Filin da aka tashi mutane ya yi shekaru sai ciyawa. Kamfanin Caterpillar ma a 2015 ya nuna wa mutanen garin Peoria da ke jihar Illinois zanen sabuwar hedikwata a tsakiyar garinsu, a 2017 ya fasa ya mai da hedikwatar kusa da Shikago, a 2022 ya sake ɗaga ta zuwa Teksas. Ba na kiran waɗannan kamfanoni maciya amana. Shugabanni na canjawa, kasuwa na juyawa, wani kamfani ya haɗiye wani, kuma wanda ya yi maka alkawari yau ba lallai ne shi ke kan kujera bayan shekara 5 ba. Kamfani yana da ƙafa.

Gini kuwa ba shi da ita, kuma a nan ne sharaɗina yake. Duk kuɗin jama'a da za a kashe, a zuba su a jikin ginin, a rufi da bango da wayoyin wuta da matakala, kada a zuba su a aljihun kamfanin. Ginin ya kasance mallakar birni ko wata hukuma tasa, kamfanin ya shiga a matsayin ɗan haya na dogon wa'adi. In ya zauna, alhamdulillahi. In ya tashi, ya bar mana gyararren bene da wani zai so ya kama. Dubi abin da ya faru a Boston, babban birnin jihar Masacusets. A 2016 kamfanin General Electric ya koma can da alkawarin ma'aikata 800, za a gyara masa wasu tsofaffin gine-ginen jan bulo na masana'antar alewa, shi kuma ya gina sabon bene a gefe. Al'amuransa suka taɓarɓare, a 2019 ya fasa sabon benen, ya rage ma'aikatan ƙwarai. Amma da yake kuɗin jihar a cikin kadarar suka shiga, da aka sayar da ita jihar ta karɓi dala miliyan 87 ɗinta. New London ta tashi da ciyawa, Masacusets ta tashi da kuɗinta, kuma bambancin yana cikin takardar da aka sa wa hannu tun ranar farko.

In har dole sai an ba da rangwamen haraji, to a ɗaure shi da adadin ma'aikata da aka rubuta baƙi da fari, a riƙa ƙirgawa kowace shekara daga takardar albashi, ba daga jawabin ranar yanke kyalle ba. A fayyace wane ne ma'aikaci: cikakke ne ko na wucin gadi, yana zuwa ofishin ne ko yana aiki daga gida a wani gari. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne tun bayan annobar korona, domin kamfani zai iya cika lissafi a takarda alhali benen fayau yake. In adadin ya gaza, rangwamen ya ragu daidai gwargwado. In kamfanin ya tashi kafin wa'adi, ya mayar da abin da ya ci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai maganar kuɗin gyara, inda nake da ɗan abin cewa daga sana'ata. Duk ɗan kwangilar da ya ba ka farashi bai fasa bango ya leƙa ba, cinikin biri a sama yake yi da kai. Tsohon gini sai an buɗe shi ake sanin cikinsa. Za a iya tarar da asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, a silin da jikin bututu, wanda cire shi aiki ne na ƙwararru da kayan kariya. Za a iya tarar da fenti mai gubar dalma. Wayoyin wuta za a sake su gaba ɗaya, a ƙara matakalar tsira daga gobara, a samar wa masu keken guragu hanyar shiga da na'urar hawa bene, sannan injiniya ya auna ko daɓen kowane hawa zai ɗauki nauyin da za a ɗora masa. A biya injiniya mai zaman kansa, wanda ba ya cin abinci a hannun kamfanin ko ɗan kwangilar, ya yi wannan bincike kafin a sa hannu, kuma a ware wani kaso na musamman don abin da ba a gani ba, domin za a gan shi.

Ina roƙon kuma a kula da hannun da zai taɓa ginin. Na sha ganin birkila mai kyakkyawar niyya ya cike haɗin tsohon bulo da siminti, yana ganin ya ƙarfafa shi. Magina na da da kwaɓin farar ƙasa suka yi aiki, mai taushi, mai barin danshi ya fita ta haɗin. Siminti ya fi tsohon bulo tauri, sai ya toshe wa danshin hanya, danshin ya bi ta cikin bulon, bayan 'yan shekaru ka ga fuskar bulon tana ɓarewa tana zuba, simintin yana tsaye ƙyam. Gyara ne ya zama ɓarna. A Amurka gwamnatin tarayya tana mayar wa mai gyaran ginin tarihi kashi 20 cikin 100 na kuɗin aikin ta hanyar haraji, amma sai hukuma ta duba ta tabbatar an bi ƙa'idar gyara, kuma in ya sayar da ginin kafin shekara 5 a karɓe wani kaso. Lauyoyin ofishinka su binciko duk wata ƙofa irin wannan da dokarmu ta tanada, ko ba don kuɗin ba, don idon da ke zuwa tare da su.

Akwai kuma mutanen da ba za a gayyata zaman ciniki ba, su ne masu ƙananan shaguna da 'yan hayan da suka riƙe wannan titi lokacin da kowa ya gudu. Ranar da aka kunna fitilun benen, haya za ta tashi a kewaye, kuma su za ta fara kora. Ditroit tana da doka tun 2016 da ke tilasta wa mai babban aikin da ya ci rangwamen birni ya zauna da wakilan unguwa kafin majalisa ta amince. Ba sai mun kwafi dokarsu ba kafin mu kira taro. Hawa na ƙasa kuma a bar shi a buɗe ga jama'a, da shaguna masu kallon titi. In aka sa masa baƙin gilashi da mai gadi, kamfanin ya gina wa ma'aikatansa komai a ciki, to an dawo da bayan gari tsakiyar gari ne kawai, titin zai ci gaba da mutuwarsa.

Yarjejeniyar kuma a buga ta kowa ya karanta kafin majalisa ta kaɗa ƙuri'a. Na san za a ce maka sirrin ciniki ne, kuma wani birni na jira da alƙalami a hannu. Mai yiwuwa haka ne. Amma kamfanin ma yana da abin da zai rasa in ya tashi: ƙwararrun ma'aikatan da suka kafa iyali a nan, waɗanda ba duka za su bi shi ba. Ka shiga ɗakin cinikin da sanin haka.

Abu ɗaya ne ba ya jiran ciniki. Ko gobe ofishinka zai iya tura ma'aikata su toshe rufin, su maye indararon da ya karye, su cire bishiyar nan da saiwarta, su rufe tagogin sama da katako. In ginin yana hannun wani mai shi ne, doka ta ba birni ikon tilasta masa ko ya yi aikin ya bi shi bashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranka ya daɗe, kuma hadari ya fara haɗuwa. Ina roƙon a hau rufin nan kafin ruwan farko ya sauka.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon mai duba gine-gine, mazaunin wannan birni.