Wasiƙar uba ga ɗansa mai shirin zuwa magangarar ruwan Wli

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kuma karatu yana tafiya yadda ake so, ina sanar da kai cewa mu a nan Kumasi lafiya lau muke, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, wanda a ciki kake neman izinin bin abokan karatunka zuwa magangarar ruwan Wli ranar Asabar ɗin da za ta biyo bayan jarrabawarku. Na amince ka je. Na fara da faɗin haka ne domin kada tsawon wasiƙar ya sa ka zaci hani nake kewayawa. Mahaifiyarka dai da farko a'a ta ce, sai da na zaunar da ita na bayyana mata yadda wurin yake, sannan ta sakar maka mara, bisa sharaɗin in rubuto maka abin da za ka karanta yanzu.

A ganina bai dace mutum ya yi shekaru yana karatun lafiyar al'umma a Hohoe, magangarar ruwan da ta fi kowace tsawo a ƙasar Gana tana kimanin kilomita 20 daga ɗakin kwanansa, ya gama ya dawo gida bai taɓa ganinta ba. Kogin Agumatsa ne yake saukowa daga duwatsun da suka raba mu da Togo, ya faɗo daga tsayin da ake ƙiyasta shi da kusan mita 80, kuma rani da damina ba ya ƙafewa. Allah Ya umarce mu a Suratul Ankabut da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fari halitta, saboda haka ba na ɗaukar wannan fita a matsayin yawon banza.

Ka rubuta cewa hanyar mai sauƙi ce, kuma gaskiya ka faɗa. Na bi ta a shekarun da nake kai kaya Hohoe. Daga ofishin baƙi da ke ƙauyen, inda ake biyan kuɗin shiga a haɗa ku da ɗan jagora, tafiyar kimanin minti 45 ce zuwa magangarar ƙasa (domin hawa biyu ce, akwai ta ƙasa da ta sama), a kan hanya shimfiɗaɗɗiya wadda inuwar manyan itatuwa ta rufe, tana tsallaka kogin sau da dama a kan ƙananan gadoji. Za ku wuce itatuwan koko da na kofi, malam-buɗe-littafi iri-iri suna tashi a gabanku, kuma tun kafin ku ga ruwan za ku fara jin rugugin faɗowarsa. Tsofaffi suna yin wannan tafiya, 'yan firamare ma malamansu suna kai su. To, wannan sauƙin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin hanya mai wuya ita da kanta take sa mutum ya natsu, mai sauƙi kuwa sakin jiki take sawa, har matashi ya manta cewa yana cikin kurmi, a gindin dutse, kusa da ruwan da ya fi ƙarfinsa.

Kana yaro lokacin da abin Kintampo ya faru, amma na tabbata ka ji labarinsa, tunda duk wanda ya bi hanyar Tamale daga nan ta gefen wurin yake wucewa. Ranar Lahadi 19 ga Maris, 2017, mutane suna wanka a gindin magangarar ruwan Kintampo, hadari ya taso da iska mai ƙarfi, wata ƙatuwar itaciya ta tumɓuke daga sama ta faɗo a kansu. Kusan mutum ashirin suka rasu, mafi yawansu ɗaliban sakandare daga Wenchi da suka je yawon buɗe ido. Babu wanda ya hau dutse mai haɗari a cikinsu, babu wanda ya ɓata a daji. Wuri ne da ake sauka da matakala, kowa yana ganinsa wurin shaƙatawa. Ajali idan ya zo babu makawa, Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma sababin da wannan musiba ta koya wa ƙasar nan shi ne kada hadari ya riski mutum a gindin magangara.

Saboda haka abu na farko da nake so ka riƙe shi ne duban sama. Tafiyarku ta faɗo cikin babbar damina, wadda a kudancin ƙasar nan take kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, kuma ko da yake a lokacin ne ruwan ya fi cika ya fi ban sha'awa, a lokacin ne kuma hadari ya fi haɗuwa da rana tsaka ko da la'asar ba tare da dogon gargaɗi ba. Matsalar kwazazzabo ita ce ba ka ganin sararin sama sai ɗan abin da ke bisa kanka, don haka ana iya tafka ruwa a kan tudun da kogin ya fito, can ɓangaren Togo, alhali inda kake tsaye rana tana haskawa. Idan ka ji tsawa ko da daga nesa ce, ko iska ta juya ta yi sanyi har kawunan itatuwa suka fara rangaji, ko ka ga ruwan da yake fari ya fara yin ja yana ɗauko ganyaye da karyayyun rassa, to ka fito daga ruwan nan take, ka tara abokanka ku kama hanyar ƙauye. Kada ku tsaya ƙarasa hoto, kada ku ce bari ya ɗan tsagaita, kuma kada ku fake a gindin babbar itaciya ko a jikin bangon dutsen, inda duwatsu ke iya ɓallowa. Idan kuwa tun da asuba garin ya tashi da hadari, ku ɗage tafiyar zuwa wata Asabar, magangarar tana nan.

Sai maganar tafkin da ke gindinta. Tun kana nesa da shi feshin ruwan zai jiƙa maka riga, iskar da faɗowar ruwan ke turowa kuma tana iya ture mutumin da bai dasa ƙafa ba, ga ƙara wadda sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Gefen tafkin ba shi da zurfi, mutane suna shiga su tsaya ruwa iya gwiwa ko iya ƙugu, kuma ban hana ka wannan ba idan ɗan jagora ya ce yanayin ranar ya yarda. Abin da na hana ka shi ne matsawa inda ruwan yake dukan tafkin. Kai da ni mun san iyakar iyonka, ɗan abin da ka koya ne a tafkin Bosomtwe ranakun hutu, kuma ko gwani ne wurin ba nasa ba ne, saboda ruwan da ya gauraye da iska ya zama farin kumfa ba ya ɗaukar jikin mutum yadda kwantaccen ruwa yake ɗauka, sannan yana juyawa ne a ƙasa ya maido da abin da ya kama ƙarƙashin magangarar. Kada ka yi tsalle daga kan dutse ka faɗa, tunda ba ka ga abin da ke ƙasa ba. Duwatsun bakin ruwan kuma gansakuka ta lulluɓe su, santsinsu kamar na miyar kuɓewa, kuma yawancin raunin da ake ji a irin waɗannan wurare daga nan yake fitowa, wajen mutumin da ya juya wa ruwa baya yana ja da baya yana neman inda hoto zai fi kyau. Idan wani ya zame ya faɗa wuri mai zurfi, kada ka bi shi. Ka miƙa masa sanda ko riga, ka ƙwala wa ɗan jagora kira.

Na san a cikinku za a sami wanda zai ce tunda an zo, a hau har magangarar sama. Wannan wata tafiya ce dabam, ta sa'o'i masu yawa a kan hawa mai tsauri, wadda ko da rani sai da sanda ake yin ta, balle da damina da ƙasa take sulɓi. Izinin da na ba ka na magangarar ƙasa ne. Idan ranka yana son ta sama, ka bari sai Disamba ko Janairu, ka shirya mata rana guda tata, mu sake magana.

Idan ka isa, ka ɗaga kai ka dubi bangon dutsen da ke gefen ruwan. Da farko za ka zaci duhun dutse ne, sai ka ga yana motsi: jemagu ne masu cin 'ya'yan itace, dubbai, a rataye kai ƙasa, jikinsu ruwan ciyawa busasshiya, kuma idan wani abu ya firgita su sai su tashi gaba ɗaya su cika sararin kwazazzabon. Abin kallo ne da ba zan manta ba. Kada ka yarda a jefe su ko a yi musu ihu don a ga tashinsu, wurin gandun daji ne da aka keɓe domin kare su da sauran namun da ke ciki. Kada kuma ka taɓa wanda ya faɗo ƙasa, matacce ko mai rai. Ka fi ni sanin dalili, kai da kake karanta yadda cuta ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, kuma ba ka manta da cutar Marburg da ta ɓulla a nan yankin Ashanti a Yulin 2022 ba, wadda asalinta daga wani jinsin jemage ne mai zaman kogo.

Game da sutura, ka sa takalmi rufaffe mai ƙasan roba, ba silifa ba, da dogon wando. Baƙin ƙudan nan ƙarami da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, wanda ke yaɗa cutar makantar bakin kogi da aka daɗe ana bincikenta a asibitin Hohoe, a ƙafa ya fi cizo. Yini ɗaya ba shi ne ke makantar da mutum ba, amma ƙaiƙayin ma ya isa dalili. Ka tsaya kan hanya, kada ka cusa hannu a rami ko ƙarƙashin gungume. Idan maciji ya sari wani, Allah Ya kiyaye, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau; a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Baƙo ko da ido makaho ne, don haka ɗan jagoran da za a haɗa ku da shi ku ɗauke shi da daraja, kada karatun jami'a ya sa ku ga kun fi shi. A gindin dutsen nan aka haife shi, ya san ruwan a kowane wata, kuma idan ya ce a juya, a juya. Ku sallame shi da ɗan ihsani bayan kuɗin ofis. Mutanen ƙauyen Ewe ne, manoma, ku gaishe su idan kun haɗu a hanya, kada hannunku ya kai ga kokonsu ko abarbarsu, kuma ledar ruwan da kuka sha ku dawo da ita a jaka. Tun kafin ku bar Hohoe ku zaɓi mutum ɗaya wanda maganarsa za ta zama ta ƙarshe, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci matafiya ko da su uku ne, ku ƙirga kanku wajen shiga da wajen fita. Idan a cikin tawagar akwai masu zuwa da akpeteshi ko wata giya, ba zan ce ka raba gari da su ba, addininsu ba naka ba ne, amma ka sa ido kada wanda ya sha ya shiga ruwa, kuma kada ka hau motar da wanda ya sha zai tuƙa.

Kilomita 20 ba tafiyar ƙasaru ba ce, sallarka cikakkiya za ka yi. Ruwan kogin mai tsarki ne, ya yi alwala, sai dai ban yarda ka sha shi ba. Ka tafi da naka, da guzurin da ka san asalinsa, ko wake da shinkafa ne ko ƙosai da dabino, domin kada yunwa ta sa ka sayi naman daji a bakin hanya. Ka ɗauki ƙaramar darduma, ka nemi busasshen wuri nesa da inda jemagu ke zubar da kashi.

Ku fita da sassafe, domin ku isa ruwan da hantsi ku baro shi kafin lokacin da hadari ya saba haɗuwa. A wannan yanki rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, a cikin kurmi kuma duhu yana riga ta shiga. Ka riƙe katin ɗan ƙasa da na makaranta, saboda wurin bakin iyaka ne kuma ɗalibi yana samun rangwamen kuɗin shiga. Ka cika wayarka da caji, ka naɗe ta a leda, amma kada ka dogara da ita a cikin kwazazzabo. Lambar gaggawa 112 ce, kuma ka bar wa wani abokinka da ba zai je ba sunayen 'yan tawagar da lokacin da kuke sa ran dawowa.

Na tura maka kuɗin mota da na shiga ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da ɗan ƙari na takalmi idan wanda kake da shi ƙasansa ya cinye. Ka kira mahaifiyarka da zarar kun fito ƙauyen, sannan ka sake kira idan ka shiga Hohoe kafin magariba, don ka san ba za ta iya cin abinci ba sai ta ji muryarka. Ƙanwarka ta ce a gaya maka tana son hoton jemagun.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.