Koke zuwa ga Mai Girma Ciyaman kan kuɗin da ake kashewa a talla da sanarwa

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Mu ne iyaye da matasan wata unguwa a nan cikin Badala, mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan isha'i muka ce gara a rubuto maka, tunda maganar ta ishe mu a majalisa.

Tun da gwamnatin jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024 muke jin zancen ilimi da samar da aikin yi ko'ina, kuma wallahi mun yi murna. To amma ranka ya daɗe duba allunan nan da fastocin da ake mannawa a bakin titi, hoto ne ƙato da babbar riga da kirari, ba ranar da za a fara ba da fom, ba ranar rufewa, ba inda mutum zai je, haka a rediyo sojojin baka su cinye fili suna yabo har lokaci ya ƙare ba a faɗi abu ɗaya da uwar marayu za ta kama ba. Kuma duk kuɗin jama'a ne fa.

Yaranmu sai an rufe fotal suke jin wai an ɗauki aiki. Wanda ya ji da wuri kuma a Facebook ya gani, to wanda ba shi da babbar waya ko kuɗin data fa? Nan 'yan damfara suke samun ƙofa, wani yaron maƙwabcinmu sai da ya sayar da kekensa na ɗinki ya biya kuɗin ofa, takardar ta fito ta bogi. Ko JAMB ɗin nan, iyaye da yawa ba su san sai da lambar NIN ake rajista ba sai yaro ya je kafe an dawo da shi.

Abin da muke roƙo, a rage kuɗin alluna da kyallayen talla a mayar wajen sanarwar da za ta shiga lungu. A ba masu unguwanni takarda da Hausa, har da ajami don dattawa, a karanta a masallatan Juma'a da islamiyyu, a manna a ƙofar firamare da asibitin sha-ka-tafi, a sa mai shela ya zaga kamar yadda ake yi lokacin rigakafin foliyo, ai kowa ya shaida wannan hanyar tana kaiwa har ɗakin tsohuwa. Sanarwa ta fito aƙalla sati biyu kafin a rufe, a kuma faɗa ƙarara in fom kyauta ne.

Sannan don Allah a liƙa a sakatariya nawa aka ware wa talla a bana da wanda aka ba kwangilar, mu ma mu gani.

Allah ya yi maka jagora. Sa hannunmu da na mai unguwa na nan haɗe a baya.